Majami'ar Ƙasa ta Wusasa

Yau za mu leƙa Wusasa, kusa da birnin Zariya, mu ga wata tsohuwar majami'a mai suna St. Bartholomew, wato Bartalamawas, ɗaya daga cikin manzanni goma sha biyu.

A shekarar 1905 Dakta Walter Miller na ƙungiyar CMS ya zauna cikin birnin Zariya yana aikin bishara. Daga baya mishan ya koma Wusasa, inda aka gina majami'ar a shekarar 1929. 'Yan mishan daga Ingila suka zo, ƙasar da aka saba gina majami'u da dutse. Amma a nan magina Hausawa ne suka kwaɓa ƙasa, suka jera tubali, suka ɗaura bakan gizo da azara kamar na zauren sarki. Saboda kaurin bangon, cikinta da sanyi ko da bazara. A gaba ga teburin Jibin Ubangiji, ga kuma wurin karanta Maganar Allah, wadda aka buga dukanta da Hausa a shekarar 1932. A Wusasan nan Janar Yakubu Gowon ya girma.

Ginin ƙasa sai da gyara, in an ƙyale shi damina ta cinye shi. 'Yan'uwa a Chaza da ko'ina, kafin ku rushe tsohon ɗakin sujadarku domin na siminti, ku tambayi dattawa waɗanda suka ɗebo ƙasarsa a ka. Allah ya ba mu hikima. Amin.