Gilashi Mai Bakan Gizo a Kabad ɗin Kaka



Mu da muka tashi a ƙasar Gwandu, a garuruwa irin su Cheberu da Kalgo, mun san ɗakin tsohuwa ba ya rasa jere. Ƙorai ne da farko, sai tasoshi, sai kwanonin samira, daga baya kabad ya shigo da tangaram da gilashi. A irin wannan kabad akan ci karo da wani kwanon gilashi ruwan lemo ko shuɗi, wanda in haske ya buge shi sai ka ga launukan bakan gizo, kamar man fetur a kan ruwa. Ranar rabon gado wani ya ce tarkace ne, wani ya ce dukiya ce, kuma yawanci duk su biyun ba su juya gindinsa sun duba ba.

Asalin wannan gilashi Amurka ne. Wajen 1908 kamfanin Fenton da ke jihar West Virginia ya fara fitar da shi kasuwa, don talaka ya samu mai kama da na Tiffany, wanda da hannu ake hura shi, sai mai hali ke saye. Dabarar ba ta da wuya: a zuba narkakken gilashi a mazubin ƙarfe mai zane, a matse, tun yana da zafi a fesa masa ruwan sinadarin ƙarfe, sai sheƙin ya kama. Northwood da Imperial da Dugan da Millersburg suka bi sahu. Kafin 1930 yayinsa ya wuce, aka koma rabar da ragowar a matsayin kyauta a wuraren wasanni da bukukuwa. Daga nan ya samo sunan da masu tara shi suka laƙaba masa a shekarun 1950, wato gilashin kanibal. An yi shi a Ingila da Jamus da Ostareliya, an kuma yi a Firozabad ta Indiya.

To ga inda ake tafka kuskure. Da masu tara kayan tarihi suka fara rububinsa, sai kamfanoni suka farfaɗo da shi: Imperial a shekarun 1960, Fenton a 1970. Tsohon Fenton ba shi da suna a jiki, na 1970 zuwa sama ne ke ɗauke da sunan a cikin ɗan zagaye mai siffar ƙwai. Haka harufan IG na Imperial, shaidar sabo ne. Ke nan ganin suna, wanda mu muke ɗauka alamar na asali, sau da yawa shi ke nuna kwanon yaro ne. Northwood ne ya fita daban, da harafin N mai layi a ƙasa cikin da'ira, shi ma an yi jabunsa.

Launi kuma ba a saman ake karanta shi ba. A ɗaga kwanon a rana a leƙa gindinsa, inda feshin bai kai ba, a nan ainihin launin gilashin yake. Ruwan lemo shi ya fi yawa, don haka ya fi araha. Ja wuyar samu gare shi. Ƙaramin ɓalli a baki na iya karya farashi warwas. Akwai tulun furanni na Millersburg da ya taɓa kai dala 100,000 a gwanjo, amma wannan labarin 'yan ƙalilan ne. Kabad ɗin da aka cika a zamanin kuɗin fetur, abin da ya fi kusa da hankali shi ne sabon yi ne a ciki.

Sai dai kada sheƙin Amurka ya ɗauke mana ido daga namu. A ƙarni na 19 Nupe tana ƙarƙashin tutar Gwandu, kuma a Bida akwai Masaga, maƙeran gilashi da ke cewa kakanninsu daga Masar suka zo. Su da kansu suke dafa yashi da kanwa su fitar da baƙin gilashi, su ƙera ƙarau da duwatsun wuya. Da kwalaben Turawa suka yawaita sai suka koma narka su, launin ƙarau ya fara bin launin kwalba, kore ko ruwan ƙasa ko shuɗi. Frobenius ya gan su a 1911, Nadel ya yi bayaninsu a littafinsa na 1942. A ganinmu baƙin ƙarau guda a ƙasan adakar kaka ya fi kwano goma masu sheƙi ba mu labari, ko da dillali ba zai taya shi ba.

Mun kawo wannan ne saboda mun sha karanta labarin amaryar zamanin Abdullahi ɗan Fodiyo da aka jera mata kofunan gilashi masu walƙiya, alhali sai bayan rasuwarsa da kusan shekara 80 aka fara yin su. Amaryar ƙarshen wancan ƙarni a sa mata ƙarau ɗin Bida a hannu, ƙorai a jere. Kwano mai bakan gizo kuwa a ajiye wa jikar jikarta.