Daga agaji zuwa farfaɗowa: Bangaladash, 1974-1998

A harshen Bangali, mun tarar da kalmomi biyu: "borsha", ruwan damana mai rayar da shinkafa, da "bonna", ambaliya mai ɓarna. Cikin wannan ɗan nazari, za mu kwatanta ambaliya biyu.

Ta 1974 ta jawo yunwa. Amartya Sen ya nuna cewa cimaka ba ta ƙare ba. Ƴan ƙwadagon gona ne suka rasa aiki, farashin shinkafa kuma ya hau. Ƙungiyar BRAC, wadda Fazle Hasan Abed ya kafa a 1972 don agaji, ta soma ba talakawa ƙananan basussuka a wannan shekara.

Ta 1998 ta rufe kusan kashi biyu cikin uku na ƙasar, fiye da wata biyu, amma ba a yi yunwa irin ta 1974 ba: an raba cimaka, ƴan kasuwa sun shigo da shinkafa daga Indiya. Duk da haka, mata da yawa sun kasa biyan bankin Grameen, har ya sassauta ƙa'idodinsa a 2002.

A ganinmu, agaji yana tsai da rai. Abin da ke mai da iyali gida kuwa shi ne aikin yi da bashin da zai iya jira.