Yadda Damina Ta Zama Lokacin Komawa Gida a Adar

Badagishiri gari ne na bakin hanya a ƙasar Adar. Kwaltar da ta rabu da babbar hanyar Yamai zuwa Damagaram a Tsarnawa, gabas kaɗan da Birnin Ƙonni, ita ce ta ratsa shi ta nufi Tawa, daga cikinsa kuma hanyar Illela ta ɓalle ta yi yamma. Saboda haka mutanen garin sun san lokutan shekara ta fasinjan da motoci ke saukewa. Daga ƙarshen Mayu zuwa Yuli masu sauka sun fi masu hawa yawa: 'yan bida daga Abijan da Legas da Libiya, ɗalibai daga Yamai da Tawa, malaman makaranta da aka tura aiki can Difa ko Tilaberi, da matan aure da suka zo ganin gida da goyo a baya. Yau da yawansu hutu suke kiran wannan zuwa. Amma ba hutu ne ya haife shi ba. Noma ne ya fara kiran mutane gida, zumunci ya biyo sawunsa, makaranta da mota kuwa daga baya suka tarar da abin.

Tun kafin zuwan Nasara, tafiya a Adar aikin rani ce. Ƙasar tana tsakanin Abzin da Gobir da Kabi, kuma tun a ƙarshen ƙarni na 17, da Agabba ɗan Sarkin Agadas ya ci ta da yaƙi, sarautarta ta ƙullu da arewa. Sarakunan Adar na Illela daga zuriyarsa suke. Ayarin gishiri na saukowa daga arewa, fatake na yin kudu har Gwanja neman goro, bayan jihadi kuma Sakkwato ta zama wurin karatu da ciniki. Duk wannan zirga-zirga sai an kai amfanin gona rumbu ake fara ta. Da hadari ya fara haɗuwa a gabas, kowa sai ya juyo. Dalilin a fili yake: ƙoramun Adar da na Majiya in sun kawo ba sa ketaruwa ga jaki mai kaya, kuma damina a nan gajera ce, wanda ya rasa shukar farko ya rasa shekara. Almajirai ma haka suke. Malam ya kwashi yara bayan kaka ya tafi da su gabas ko kudu, ruwa na sauka ya maido su hannun iyayensu.

Mulkin Faransa ya shigo da wuta. A watan Mayun 1899 rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Birnin Ƙonni, ta kashe jama'a masu yawa. Yarjejeniyar da Faransa da Ingila suka yi a 1898 ta zana da'ira mai nisan mil 100 kewaye da Sakkwato ta bar wa Ingila, sai Faransawa suka tarar ba su da hanya mai rijiyoyi daga kogin Kwara zuwa Damagaram. Aka sake zama a 1904 da 1906, aka gyara iyakar, Ƙonni ta faɗa hannun Faransa, Sakkwato ta zauna hannun Ingila. Gida ɗaya ya wayi gari da ɗa a wata ƙasa, 'ya a wata. Sannan ga harajin kai da ake biya da kuɗi, ga aikin tilas na gina hanyoyi da ɗaukar kaya, wanda ba a soke shi ba sai a 1946. Talakan Adar ba shi da gyaɗar Maraɗi da zai sayar ya biya. Abin da yake da shi ƙarfinsa ne, da watanni bakwai ko takwas da gona ba ta bukatarsa. Sai cin rani ya tashi daga zaɓi ya koma dole, zangonsa kuma ya yi ta tsawo: Sakkwato da Kano, sannan Kumasi da Ankara, daga baya Abijan, wadda har yau unguwanninta ke cike da Adarawa.

A nan ne komawar damina ta sami siffar da muka sani. Mutumin da ya yi wata shida a Kurmi ba ya shigowa gari ya wuce gona kai tsaye. Akwai haƙƙoƙi da suka taru a bayansa. An yi rasuwa bai yi gaisuwa ba, an yi haihuwa bai yi barka ba, an ɗaura auren ƙanwar abokinsa bai sa albarka ba. Kwanakin farko na zagaye ne: gidan baba, gidan kawu, wurin gwaggo da ke aure a wani ƙauye, gidan surukai inda zai tuɓe takalmi tun daga zaure ya durƙusa. Ko'ina tambayar ɗaya ce, "Ina ka baro su?", kuma ba tambayar fatar baki ba ce, domin shi ne gidan waya. A jakarsa akwai kuɗin wane da za a ba uwarsa, da turmin atamfar wance, da wasiƙar ajami da za a kai wa liman ya karanta. Da rakoda ta yawaita a shekarun 1970 da 1980 sai kaset ya karɓi aikin wasiƙa. A taru a tsakar gida a saka, a ji muryar ɗan da bai samu zuwa ba yana gaida kowa da sunansa, tun daga tsohuwa har jaririn da bai taɓa gani ba. Kafin mai komawa ya tashi, a ɗauki amsa a bayan kaset ɗin. Wanda ya ci amanar irin wannan saƙo, labarinsa kan riga shi isa Abijan.

Tsaraba ma tana da ƙa'idarta. Goro na tsofaffi ne, sabulu da turare na mata, alewa ta yara. Ba yawanta ake dubawa ba, a dai ga an tuna da mutum. Shi ya sa wanda bidarsa ba ta yi kyau ba kan jira duhu kafin ya shiga gari, wani kuma kunya ta hana shi zuwa sam, shekara ta zama biyu, biyu ta zama goma. Kusan kowace zuriya a Adar tana da irin wannan ɗa da ake ambato da sassauta murya.

Makarantar boko ta zo da kalandar Faransa: a shiga a Oktoba, a fita a ƙarshen Yuni, babban hutu ya ɗauki Yuli da Agusta da Satumba. A can lokacin zafinsu ne. A nan sai ya faɗo daidai kan noman farko da maimai, kuma da wuya a sami wani abu na mulkin mallaka da ya dace da rayuwar manomi kamar wannan. Yaron ƙauye da ya ci jarrabawa sai ya bar gida, ya tafi kwaleji a Illela ko Ƙonni ko Tawa, ya zauna hannun mai masauki, wanda sau da yawa ba dangi ba ne, sanin uba ne kawai. Wanda ya yi gaba ya shiga lise, daga nan jami'ar Yamai da aka kafa a farkon shekarun 1970. Da hutu ya zo, ɗan lakwal ya ajiye littafi ya ɗauki kalme kamar kowa. Sai dai ya ƙaro wani sabon zumunci da kakanninsa ba su sani ba: abokan aji daga Buza da Kaita da Madawa, da gidan mai masaukin da ya ci tuwonsa shekara huɗu, wanda in yana da mutunci ba zai ratsa garin bai tsaya ya gaishe su ba har ya tsufa. Ƙungiyoyin ɗalibai 'yan asalin gari kaza, da gasar ƙwallon babban hutu da ake bugawa da la'asar bayan an taso daga gona, duk daga nan suka samo tushe.

Hanya ce ta zo ƙarshe. Bayan 'yancin kai a 1960 aka yi ta shimfiɗa kwalta kashi-kashi a kan babbar hanyar da ta haɗa Yamai da gabas, ta Doso da Dogon Dutsi da Ƙonni. Masana'antar siminti ta Malbaza ta fara aiki a tsakiyar shekarun 1960, asibitin mishan na Galmi kuwa tun 1950 yake jawo marasa lafiya da masu dubiya daga ko'ina. Amma abin da ya mai da Badagishiri zango na gaske yuraniyom ne. An fara haƙarsa a Arlit a 1971, aka ƙara da Akokan a 1978, kuma wajen 1980 aka gama kwaltar Tawa zuwa Agadas da Arlit. Manyan motocin da ke kai kaya arewa da masu saukowa da ma'adinin zuwa tashar ruwan Kwatano duk ta nan suka riƙa bi. 'Yan Adar da yawa sun sami aiki a ma'adinan, sai aka sami sabbin masu zuwa hutu, wannan karo daga arewa, da albashi a aljihu.

Waɗanda suka yi tafiya a wancan zamani suna tuna akori-kura da fijo mai rumfa, da zaman jiran mota ta cika tun hantsi har azahar, da motocin kamfanin gwamnati na SNTN, daga baya SNTV. Daga shekarun 2000 kamfanoni masu zaman kansu irin su Rimbo da Azawad da Sonef suka cika hanya da manyan motoci masu tashi da asuba a kan lokaci. Yamai zuwa Ƙonni kilomita 400 da 'yan kai ne, tafiyar da a da ake kwana a hanya ta koma ta yini guda. Wannan sauƙi ne ya ba ma'aikaci damar kwaso iyalinsa duka. Yaran da aka haifa a Yamai, bakinsu ya fi karkata ga Zabarmanci da Faransanci, a kawo su wurin kaka su sha hura da nonon damina, su koyi bambanta hatsi da dawa a gona, su san wane ne ɗan wane. A ganina wannan shi ne aiki mafi girma da hanyar ta yi, ya fi duk buhunan albasar Galmi da ta ɗauka. Daga 2019 zuwa 2023 kuma Babbar Salla ta yi ta faɗowa tsakanin ƙarshen Yuni da Agusta, hutu da layya da damina suka haɗu, kasuwar dabbobin Badagishiri ta ran Alhamis ta cika da 'yan birni masu taya rago.

Ɓangaren kudu na wannan zumunci shi ne ya fi shan wahala. Daga Ƙonni zuwa Illelar Najeriya taku kaɗan ne, Sakkwato kuma ba ta kai kilomita 100 ba, amma siyasa ta sha datse tsakani. Gana ta kori baƙi a 1969, Najeriya ta yi haka a 1983. Daga 1984 zuwa 1986 gwamnatin soja ta Najeriya ta rufe iyaka, abin ya haɗu da fari, har mutane suka raɗa wa yunwar shekarar sunan Buhari. An sake rufewa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, sannan bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, a tsakiyar babban hutu, har zuwa Maris na 2024. Kowane karo mutane sun bi ta gonaki a kan kabu-kabu, don ba a gaya wa mace ta jira a buɗe iyaka kafin ta je gaisuwar mahaifinta. Rikicin Kodibuwa a 2002 da na Libiya a 2011 kuwa sun maido dubban 'yan bida gida ba shiri, ba tsaraba.

Abin da iyaka ta kasa yi, ina tsoron sauƙi zai yi shi. Wayar salula ta shigo Nijar a farkon shekarun 2000. Yanzu ɗan bida na tura kuɗi ta Nita ko Amana, ƙanensa ya karɓa a Badagishiri kafin su gama magana, a ɗauki 'yan ƙwadago su nome gonar. Saƙon murya na WhatsApp ya gaji kaset, ta'aziyya ma ta nan ake yin ta. Ba na raina wannan, ya share hawayen gidaje da yawa a lokacin da rumbu ya yi ƙasa. Amma dalilin da ya tilasta zuwa, wato hannun da gona ke bukata da saƙon da sai an kawo da ƙafa, ya ragu ƙwarai. Hausawa sun ce zumunta a ƙafa take, kuma tsohuwar da aka tura wa jaka goma ta san bambancinta da ɗan da ya zauna a bakin tabarmarta ya sha ruwa. Wanda ya zo yau, ya zo ne don ya ga dama, ga tsadar kuɗin mota, ga fargabar 'yan bindiga a wasu hanyoyin bakin iyaka da ta sa ba a son tafiyar dare.

Damina kanta ba ta daina nuna ikonta a kan hanya ba. A 2024 ruwa ya yi yawan da ya karya gadoji, ya yanke hanyoyi a sassa da dama na ƙasar, dubban iyalai suka fake a azuzuwan makarantu, har gwamnati ta ɗage komawa karatu daga farkon Oktoba zuwa 28 ga watan. Ɗaliban da suka zo hutu ƙauyukan Illela da Malbaza da Ƙonni sun sami ƙarin kusan mako huɗu a gida, da yawansu da su aka yanke hatsi aka ɗaure damma kafin su nemi motar komawa.