Kwaɗon Da Ke Kan Makunnin Wuta

Ɗan'uwa, idan aikinka ya haɗa ka da babbar wutar lantarki a nan Amurka, ko ke 'yar'uwa mijinki ko ɗanki ne yake fita da jakar kayan aiki da asuba, wannan rubutun naku ne. Ni nas ce, ban san haɗa waya ba. Abin da na sani shi ne yadda jikin mutum yake komawa bayan wuta ta bi ta cikinsa.

Na taɓa jinyar wani magidanci da aka kawo mana daga wata masana'anta. Ciwon da ke tafin hannunsa bai fi kwabo faɗi ba, sai wani a diddige inda wutar ta fita. Wanda bai sani ba zai ce ai da sauƙi. Amma babbar wuta, wato wadda ta haura bolt 1,000, daga ciki take dafa tsoka. Tsokar da ta mutu tana sakin wani sinadari cikin jini, fitsari ya koma kamar baƙin shayi, ƙoda ta shiga haɗari. Ana ta ƙara masa ruwa, ana duba bugun zuciya, daga ƙarshe dai sai da aka yanke hannun. Da ya samu bakin magana ya ce mini ya nemi a kashe layin, oga ya ce tsayar da injina asara ce, kuma aikin ai na minti biyar ne.

Wannan magana ta oga tsohuwa ce, ta girmi kakanninmu. Bari in kai ka baya.

A shekarun 1880 sararin birnin New York cike yake da wayoyi kamar saƙar gizo: na tangaraho, na tarho, da na fitilun titi masu ɗauke da dubban bolt. Tun a 1884 aka yi dokar a mayar da su ƙarƙashin ƙasa, kamfanoni suka yi ta jan ƙafa suna garzayawa kotu, don binne waya kuɗi ne. Ranar 11 ga Oktoba, 1889, wani ma'aikacin Western Union mai suna John Feeks ya hau turke kusa da ofishin magajin gari. Ya taɓa wayar da yake zaton ba ta da haɗari, ashe a wani wuri ta haɗu da layin babbar wuta. Nan take ya mutu, gawarsa ta maƙale cikin wayoyi tana ƙonewa, jama'a cincirindo suna kallo da tsakar rana. Jaridu suka ɗauka, gari ya harzuƙa. Kafin shekarar ta ƙare, ma'aikatan birni ƙarƙashin magajin gari Hugh Grant sun fara datse wayoyi. Ka lura, dokar tana nan shekara biyar. Sai da mutum ya ƙone a bainar jama'a aka aiwatar da ita.

Su kuwa masu hawa turke suka gane ba mai ceton su sai junansu. A watan Nuwamba 1891 wakilai goma suka haɗu a St. Louis suka kafa ƙungiyar ma'aikatan lantarki, wadda yau ake kira IBEW. Shugabanta na farko, Henry Miller, shi ma ma'aikacin layi ne. A 1896, yana kan aiki a Washington, wuta ta ja shi, ya faɗo daga turke, ya rasu.

Dokar tarayya da ta game ma'aikata gaba ɗaya ba ta zo ba sai a Disamba 1970, lokacin da Shugaba Nixon ya sa hannu kan dokar lafiya da kariyar ma'aikata, wadda ta haifi hukumar OSHA a 1971. Amma tambaya ta rage: in oga ya ce hau, kai kuma kana ganin mutuwa, za ka iya cewa a'a?

Amsar ta fito daga wata masana'antar Whirlpool a garin Marion na jihar Ohio. A 1974 wani ma'aikaci ya rufta ta cikin ragar ƙarfe da aka shimfiɗa can sama, ya mutu. Bayan 'yan kwanaki aka umarci wasu biyu su hau ragar, suka ƙi. Aka kore su gida, aka yanke musu kuɗin sa'o'in, aka sa musu takardar gargaɗi. Shari'a ta kai Kotun Ƙoli, kuma a 1980 alƙalai duka suka tabbatar cewa ma'aikaci yana da ikon ƙin aikin da yake da dalili mai ƙarfi na ganin zai kashe shi ko ya nakasa shi, idan ya nemi a gyara an ƙi, kuma babu lokacin jiran masu bincike.

A 1989 OSHA ta fitar da ƙa'idar kulle makunni: a kashe wuta, ma'aikaci ya sa nasa kwaɗon da takarda mai sunansa, mabuɗi yana aljihunsa. A aikin lantarki, asali shi ne a kashe layi, a kulle, a gwada da na'ura a tabbatar babu wuta kafin hannu ya kai. An yarda a yi aiki kan layi mai rai ne kawai in kashewar za ta jawo haɗarin da ya fi, ko kuma ba ta yiwuwa. Asarar kuɗin kamfani ba ta cikin uzurin.

Na san abin da ke ranka. Ga kuɗin haya, ga 'yan gida suna jiran aike, wataƙila takardunka ma ba su gama daidaita ba. Mu kuma an rene mu da kunyar musa wa na gaba. To ka sani, kariyar OSHA ba ta tambayar takardun zama. In aka hukunta ka don ka yi ƙorafi kan haɗari, kwana 30 kake da su ka kai ƙara. Ka rubuta rana da lokaci, da abin da aka ce maka, da wanda yake wurin. Ba na ce maka abin zai zo da sauƙi ba. Ana iya rage maka aiki, ana iya ɗaure maka fuska. Amma na ga matar majinyacin nan tana koyon ɗaura masa igiyar takalmi a bakin gado, kuma a lokacin masana'antar ta riga ta ɗauki wani a gurbinsa.

Tawakkali gaskiya ne, sai dai ana ɗaure raƙumi tukuna. Gobe in ka isa wurin aiki, ka sa kwaɗonka, ka gwada layin da kanka, ko da wani ya rantse maka ya kashe. Allah ya mayar da ku gida lafiya.