Sankara: Daga Huhun Goro zuwa Saifar Kare

Tambayi mai sayar da goro a kasuwar Gaya, zai gaya maka sankara tasu ce tun asali. Ita ce ɓarnar da ke cin goro daga ciki: ka ga ƙwaya jawur, ka ɓara, ka tarar da baƙi da ruɓa. Shi ya sa ake cewa sankara ɓata goro. Daga nan sunan ya koma kan cutar da wasu ke kira ciwon daji, 'yan boko kuma kansa.

A ganina babu inda sunan ya zauna daram kamar a sankarar jijiyoyin jini, wadda ta fi kama manyan karnuka da suka tsufa, jefi-jefi kyanwa ko doki. Takan tsiro a saifa, zuciya, hanta ko fata. Maharbi a Ajingi zai ga karensa garau, kwatsam ya zube, dasashi fari fat, ciki a kumbure, domin ƙarin ya fashe, jini na tsiyaya ciki. Sai a ce sammu ne ko guba. Likitan dabbobi kan cire saifar, amma galibi cutar ta riga ta yaɗu, 'yan watanni kawai aikin ke ƙara wa kare.