Abin da Masaƙun Kakuri Suka Bar wa Ƙasar Noma

A wannan makon za mu tsallaka gada zuwa Kaduna ta Kudu.

Duk sanda aka tayar da zancen Kakuri, ma'aikata muke tunawa. A 1957, zamanin Sardauna, masaƙar KTL ta fara aiki da haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa da kamfanin David Whitehead na Ingila. Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya a shekarun 1960, unguwannin Kakuri da Makera da Nasarawa suka cika da jama'a. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007. Wannan labarin mun san shi. Wanda ba mu cika bayarwa ba shi ne na ruwan rini.

Shekaru da dama magudanun Makera da Kakuri na kwasar ruwan masana'antu da na gidaje zuwa Kogin Kaduna, masu noman rani kuma suna jan sa zuwa lambunansu don ba ya ƙafewa. Wasu sinadaran rini na ɗauke da kuromiyam da tagulla, tsofaffin batura da dattin gareji kuma suna ƙara dalma da kadmiyam. Su waɗannan ƙarafa ba sa ruɓewa kamar taki. A saman ƙasa suke taruwa, daidai inda saiwa ke neman abinci.

Idan suka yi yawa, iri ba ya tsira sosai, shuka ta tsumbure, ganye ya yi rawaya saboda sun tare hanyar sinadaran da ke sa shi kore. Abin tsoron shi ne alayyafo da latas na iya zuƙar kadmiyam alhali ganyensu shar, har su kai kasuwa.

Alminiyam kuwa tun asali yana cikin ƙasa, ba ya cutarwa sai ta yi tsami, ma'aunin pH ya sauka ƙasa da 5.5. Nan ne yake narkewa ya ƙone bakin saiwa, ta gajarce ta yi kauri, ta kasa kai wa ga ruwa. Yana kuma ɗaure fosfaras, manomi ya zuba taki bai ga amfaninsa ba. Yawan zuba yuriya shekara da shekaru na ƙara tsamin, tsamin kuma na sake kwance kadmiyam da dalma su shiga shuka.

Wasu sun riga mu gani. A Toyama ta Japan, kadmiyam daga ma'adinai ya bi Kogin Jinzu ya shiga gonakin shinkafa, ƙasusuwan mutane suka lalace, sai a 1968 gwamnati ta amince da musabbabin cutar. A nan gida, gubar dalma ta kashe yara kimanin 400 a Zamfara a 2010. Ita Najeriya ba ta kafa hukumar kare muhalli ta tarayya ba sai 1988, lokacin masaƙar farko ta Kakuri ta haura shekara 30 tana aiki.

Toka da takin gargajiya na rage tsami, su rage abin da shuka ke zuƙa, amma ba sa fitar da ƙarfen. Don haka in ana maganar farfaɗo da masaƙu, mu riƙa tambayar ina ruwan rinin zai bi, kuma wa zai auna ƙasar lambunan bakin kogi.

Allah Ya kai mu mako mai zuwa.