Daga Sakkwato zuwa Detroit: Tarihin Faya-fayan Mdou Moctar

A 2008 wani saurayi Buzu daga jihar Tahoua ta Nijar, Mahamadou Souleymane, ya tsallako Sakkwato ya shiga situdiyo. Waƙoƙin finafinan Hausa ne ke tashe a lokacin, da kiɗan fiyano da na'urar nan mai lanƙwasa murya. Da wannan salo ya naɗi waƙoƙinsa na Buzanci, ya raɗa wa kundin suna Anar. Babu kamfanin da ya buga shi, babu shagon da ya ajiye shi a kanta. Daga waya zuwa waya ya yi ta yawo ta Bluetooth da memori, irin turin da har yau ake yi a rumfunan masu cajin waya: ka miƙa memorinka, ka biya 'yan kuɗi, a cika maka.

A irin waɗannan wayoyi wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tsinci waƙar Tahoultine a Kidal ta ƙasar Mali. Ya sa ta cikin tarin Music from Saharan Cellphones na kamfaninsa Sahel Sounds, ya kuma bi sawu har ya gano mai ita, wanda duniya ta sani yanzu da Mdou Moctar. Bahago ne, kuma jitarsa ta farko da hannunsa ya haɗa ta, da wayar birkin keke a madadin tsirkiya.

Afelan ya fito a 2013, an naɗe shi a Tchintabaraden. Sai a 2014 aka buga Anar a faifan garmaho. Amma inda al'amari ya juya shi ne Ilana na 2019, da aka naɗa a Detroit da cikakkiyar ƙungiya, ganguna da jita mai ruri, har masu sharhi suka fara jera sunansa da na Jimi Hendrix da Eddie Van Halen. Kamfanin Matador ya fitar da Afrique Victime a 2021, sai Funeral for Justice a 2024. Juyin mulkin Yulin 2023 a Nijar ya riski Mdou da ƙungiyarsa suna rangadi a Amurka, hanyar gida ta toshe. A wannan zaman suka sake naɗar waƙoƙin Funeral for Justice da jita marar lantarki, aka fitar da su a 2025 da sunan Tears of Injustice.

To, ina ruwan wannan tarihi da ingancin sauti? Faifan CD yana zubo bayanai kilobit 1,411 a daƙiƙa. MP3 ɗin da aka fi turawa a wancan zamani 128 ne, wajen kashi ɗaya cikin sha ɗaya ke nan. Sauran an zubar, bisa lissafin cewa kunne ba zai lura ba. Waƙar minti huɗu da ta ci megabait 40 sai ta koma 4. Tsarin FLAC, wanda ya fito a 2001, yana rage nauyin zuwa wajen rabi ba tare da ya yar da komai ba.

A ganina Anar bai yi asarar a zo a gani ba a MP3. Kiɗan kwamfuta ne siriri, murya a gaba, daidai da ƙaramar lasifikar waya. Afrique Victime kuwa wani abu ne daban. A ƙarshen waƙar da kundin ya ci sunanta, inda ganguna ke ƙara gudu, jita na kuka, farantan ƙarfen mai ganga na tartsatsi, matsi mai tsanani yakan dame su wuri guda su zama shuuu. Mai kyakkyawar lasifika zai rarrabe jitar ɗan ƙungiyar Ahmoudou Madassane da ta Mdou kansa, ya ji inda abokin kiɗansu Mikey Coltun ke riƙe da gindin kiɗan.

Sai dai a yi hattara da masu cika baki. Juya tsohon MP3 zuwa FLAC ba ya maido da abin da aka zubar, nauyi kawai yake ƙarawa. Turin Bluetooth kansa bai taɓa rage ingancin waƙa ba, kwafi ne sak. Sake matse ta ne ke ɓata ta. Abin kunne na Bluetooth kuma yakan sake matse sautin kafin ya kai kunne, don haka wanda ya ƙona data ya sauke FLAC daga shafin Bandcamp gara ya nemi mai igiya.